Taɓo Daban, Dagwalo Daban

  Ina gaida iyayenmu mata da ke cikin gida. Ina gaida 'yan kasuwa. Ina gaida direban tirela da ke jiran lodi a bakin masana'anta, da maigadin da ya rataye rediyonsa a jikin get yana jinmu.

Zancenmu na yau a ƙasa yake, ƙarƙashin takalmanmu. Zancen taɓo ne. Magana ɗaya nake so mu tashi da ita. Ba duk abin da ya jiƙe a ƙasa ne taɓo ba. A Sharaɗa da Chalawa da Bompai akwai wani abu da muke takawa kullum, muna ce masa taɓo, alhali ba taɓo ba ne. Dagwalo ne. Taɓo daban, dagwalo daban.

Bari mu fara da taɓon da muka sani.

Yaro in ya shiga makarantar boko, kalma ɗaya ake ba shi da Turanci. A ce masa mud, wato jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya haddace, ya ci jarrabawa. Amma in ya dawo gida zai tarar kakarsa ta fi littafin iya rarrabewa. In ruwa ya sauka, hanya ta jiƙe, ƙasa tana kama ƙafa, wannan taɓo ne. In sawun mutane da tayar mota suka dama shi, ya yi ruwa-ruwa yana fallatsa har gwiwa, sai ta ce caɓi. Wadda ke kwance a gindin kududdufi, mai santsi, inda gaiwa ke nutsewa ta ɓuya in rani ya yi, laka ke nan. Wanda maginiyar tukwane ke haƙowa ta gina tulu da randa da kasko kuwa, yumɓu ne. Wani gari zai ce laka inda wani zai ce taɓo, wannan ba abin jayayya ba ne. Abin lura shi ne, duk waɗannan ƙasa ce da ruwa. Ba a ƙara musu komai ba.

Mu Kanawa ba ma ƙyamar wannan ƙasa. Ta yaya za mu ƙyamace ta? Da ita aka gina garin. Tarihi ya nuna Sarki Gijimasu ne ya fara ganuwa, kusan shekara 900 da suka wuce. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, ya gina fadar da har yau ake kira Gidan Rumfa. Da me? Da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. A haƙo ta, a zuba ruwa, a zuba ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana ta tsumu, a mulmula tubali, a shanya a rana. Kududdufan da ke cikin birni, akasarinsu ramukan da aka ɗebi ƙasar gini ne. Da damina kuma su suke shanye ruwan unguwa. Har karin maganarmu daga nan ta fito. Tun ran gini ran zane, in ji magina, domin in bango ya bushe ba ya karɓar ado.

Addininmu ma ya san taɓo. Daga yumɓu aka halicci babanmu Annabi Adamu, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Duk wanda ya zauna a zaure gaban malami ya karanta Risala ya san an yi rangwame a haɗa Magariba da Isha'i a daren ruwan sama. Haka nan in ga taɓo ga duhu. Malaman Malikiyya sun kuma yi afuwa ga taɓon ruwan sama da ya fallatsa a tufafin mai tafiya masallaci, matuƙar ƙazanta ba ta rinjaye shi ba.

Sai ku saurari wannan da kyau, domin a nan ƙashin bayan maganar yake. A babin tsarki an ce a duba abu uku a jikin ruwa: launinsa, da ɗanɗanonsa, da warinsa. In wani baƙon abu ya shiga ya sauya ɗaya daga cikinsu, ruwan ya tashi daga ruwan alwala. Amma in ƙasar da ruwan ke kwance a kanta ce ta sauya masa launi, kamar laka ko ƙasa mai gishiri, to ba komai. Kun ji? Fiye da shekara 1000 ke nan da Ibn Abi Zaid na Ƙairawan ya rubuta littafinsa Risala, kuma tun a lokacin malamai sun raba tsakanin ruwan da ƙasarsa ta gurɓata shi da ruwan da aka zuba wa wani abu. Ba yau aka fara wannan rarrabewa ba. Mu ne muka yi sakaci da ita.

Wannan ke nan. Yanzu ku biyo ni mu shiga Sharaɗa.

A ce watan Agusta ne, an kwana ana ruwa. Ƙarfe bakwai na safe. Ma'aikata na ta kwarara zuwa bakin aiki. Tireloli sun farfasa kwalta, ramuka sun cika, ba ka sanin mai zurfi sai ka faɗa. Ɗan Adaidaita Sahu ya zo bakin wani layi ya ja birki. Ya waiwayo ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, a nan zan tsaya. Ciki ba ya shiguwa." Ta ce, "Haba ɗan nan, da kayan abinci a kaina?" Ya ce, "Wallahi Hajiya, jiya sai da mutum huɗu suka tura ni." Ta sauko. Ta tattare zani, ta cire silifas ta riƙe a hannu don kada taɓo ya cinye mata su. Ta shiga da ƙafa.

Ku dubi abin da ta taka. Taɓon gona ja ne ko ruwan ƙasa, kuma ƙamshinsa kowa ya san shi, ƙamshin ruwan farko. Wannan kuwa baƙi ne, a wani wurin toka-toka, a wani wurin da shuɗi-shuɗi a samansa. Akwai kumfa a gefe. Akwai gashin dabba da guntayen fata a ciki. Warinsa na ruɓaɓɓen ƙwai ne, yana kama maƙogwaro. Lambatun da ke gefen titi ne ya cika ya tumbatso, abin da ke cikinsa ya hau hanya ya gauraya da ƙasa. Da ta isa rumfarta sai ta fasa ledar fiya wata ɗaya ta ɗauraye ƙafa. Da yamma tsakanin yatsunta na ƙaiƙayi. Ta ce sanyin damina ne.

Jama'a, ruwa ba ya tsami banza. Wannan launi da wannan wari suna da mafari. Bari in gaya muku daga ina suke.

Unguwannin nan uku su ne cibiyar masana'antun Kano. Bompai ce babbar yaya, tun kafin a sami 'yancin kai aka fara kafa masana'antu a can. Daga baya aka buɗe Sharaɗa kashi-kashi, sannan Chalawa a wajen Panshekara, cikin ƙaramar hukumar Kumbotso. Akwai masu yin roba, da masu sabulu, da masu man girki, da masu saƙa da rini, da masu lemon kwalba. Amma sana'ar da ta fi kowace barin nauyi a ruwa ita ce jima. Kuma Kano ce uwar jima a Najeriya.

Jima ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Unguwar Majema tana nan a cikin birni. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ta ƙetare Sahara a bayan raƙuma tun ƙarnoni da suka wuce, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko saboda ta can take isa gare su. Majeman gargajiya da toka suke aiki, da kashin tattabara, da bagaruwa. Ita ma wannan jimar tana da wari, ba wanda zai musa. Amma abin da ke cikinta daga itace da dabba ya fito. In an zubar, ƙasa na iya cinye shi.

Jimar masana'anta ba haka take ba. Fata kan iso da gishiri a jikinta don kada ta ruɓe. A jiƙa ta a wanke, gishirin ya bi ruwa. Sai a sa ta a ruwan farar ƙasa da wani sinadari mai farar wuta, wanda ke narkar da gashi. Daga nan warin ruɓaɓɓen ƙwan ke fitowa. A kankare tsoka da kitse. A sa ta a ruwan asid. Sannan a zuba ta a wata ƙatuwar ganga mai juyawa, tare da sinadarin da ake kira kurom. Shi ke jeme fatar cikin yini guda, aikin da bagaruwa za ta ɗauki kwanaki tana yi. Fatar ta fito da launin shuɗi-shuɗi. Sai dai ba duk kurom ɗin take shanyewa ba. A tsohon salon aiki, wajen kashi ɗaya bisa uku yakan rage a cikin ruwa. In ba a tace ruwan ba, da shi zai fita ta ƙarƙashin katanga.

To shi kurom ƙarfe ne. Ƙarfe ba ya ruɓewa. Rana ba ta ƙone shi, tsutsa ba ta cin sa. Inda ya kwanta, nan yake.

A nan nake so mu ɗan daɗe, domin a nan ne mutane da yawa ke yin kuskure. Mukan ce, ai ruwa ne, zai wuce. Gaskiya ne, ruwa na wucewa. Amma iyayenmu mata sun san yadda ake yin gasara. In an tace ƙullu aka ajiye, ruwa ya taso sama, gasara ta kwanta a gindin roba. A tsiyaye ruwan, ita tana nan daram. Haka abin yake a lambatu da rafi. Ruwan ya tafi, abin da ya ɗauko mai nauyi ya kwanta a cikin laka. Bana ya kwanta, baɗi wani ya hau kansa. Shi ya sa masu bincike ba ruwa kaɗai suke aunawa ba, har lakar gindin rafi suke ɗiba. Malaman Jami'ar Bayero da ɗalibansu sun daɗe suna wannan aiki a rafukan Kano, kuma abin da suke ta nunawa shi ne akwai ƙarafa masu cutarwa a ruwan da lakar, har da ƙasar da ake yi wa ban ruwa da su.

Ina wannan dagwalo yake zuwa? Kano a kan tudu take, ruwanta gida biyu yake rabuwa. Na Bompai yakan bi rafin Getsi, Getsi ya haɗu da Jakara, Jakara ta kai shi dam ɗin Wasai a Minjibir. Na Sharaɗa yakan bi rafin Salanta ya gangara kogin Chalawa. Na unguwar masana'antun Chalawa kuwa kogin na nan a bayanta. Chalawa ta haɗu da kogin Kano a wajen Tamburawa, su wuce Wudil, su nufi Haɗeja da Nguru. A bakin waɗannan koguna matatun ruwan shanmu suke, har da ta Chalawa da aka gina tun zamanin Sarki Abdullahi Bayero a farkon shekarun 1930. Aikin matata tacewa ne, amma duk abin da aka ƙara wa kogi, nauyi aka ƙara mata. Masunci kuwa ba shi da matata. Makiyayin da ya kawo shanu mashaya ba shi da matata. Mai haƙar yashi da ke wuni tsundum a ruwa yana cika tifa, shi ma haka.

Sai masu lambu. Duk wanda ya bi gefen Jakara ko Getsi da rani ya ga kore shar. Latas, kabeji, alayyahu, karas, albasa, tumatir. Mai lambu ya jefa tiyo a rafi, ya tayar da inji, ruwa ya bi magudana ya shiga fangali. Ruwan ya nutse, lakarsa ta zauna a saman ƙasa. Da asuba a yanko ganye a kai kasuwa. Da rana yana cikin kwanon kwaɗo a gidana da gidanka. Wanda ke zaune a unguwar da ba taɓo ko kaɗan, wanda daga mota sai ofis, shi ma dagwalon Bompai na iya iske shi a kan faranti.

Ban ga laifin mai lambu ba. Ruwan da ya samu da shi yake aiki, iyali yake ciyarwa, gari yake ciyarwa. Ba shi ya zuba ba. Hasali ma shi ya fi kowa shan wahalarsa, domin shi ke tsaye a ciki ba takalmi, kuma gonarsa ce gishirin jima ke kashewa a hankali.

Kada kuma mu ɗauka in damina ta wuce an huta. Taɓo na gaskiya in ya bushe, ƙura yake zama. Dagwalo ma in ya bushe ƙura yake zama, amma da kayansa a ciki. Iskar hunturu ta kwashe shi, ta kai shi kan tiren mai tsire, da kan shanyar tufafi, da hancin yaran da ke ƙwallo a fili. Akwai kuma masu tara guntayen jemammiyar fata su cinna musu wuta. Wannan ya fi komai muni. Masana sun tabbatar wuta na iya juya kurom ɗin jima ya koma wani nau'i da ya fi shi dafi nesa ba kusa ba, nau'in da ke cin fata yana kuma jawo ciwon daji.

Kun ga dalilin da ya sa nake ta nanatawa. Taɓo daban, dagwalo daban. In uwa ta ce wa ɗanta, "Kai, fito daga taɓon nan," abin da take tsoro wanki ne. In ta san dagwalo ne, abin da za ta ji tsoro lafiyarsa ce, kuma ba za ta tsaya kira daga nesa ba. Sunan da muka ba abu shi ke nuna yadda za mu yi da shi. Muddin muna cewa taɓo, za mu ce sai haƙuri, damina ce, Allah ne Ya kawo. Ruwan sama kam Allah ne Ya kawo, rahama ce. Abin da ya gauraya da shi a Sharaɗa kuwa hannun ɗan Adam ne ya zuba. Kuma abin da hannu ya zuba, hannu na iya hanawa.

To, yanzu mu juya mu dubi ɗaya gefen, domin adalci.

Wani zai ce, Malam, so kake a rufe masana'antu? A'a. Allah Ya kiyaye. Waɗanda aka rufe ma sun isa. Duk wanda ya zaga Bompai da Sharaɗa ya ga manyan gine-gine a kulle, ciyawa ta cinye harabarsu. Tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, ga rashin wutar lantarki, ga kayan waje masu araha, masana'antun Kano suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka rage, da gumi suke tsaye, suna ƙona dizal mai tsada. Fatar da ake jemewa a Kano tana cikin manyan kayan da Najeriya ke fitarwa bayan man fetur. Tana zuwa Italiya da Sifen ta zama takalmi da jaka. Dubban gidaje da ita suke cin tuwo, daga mahauci zuwa dillalin fata, zuwa ɗan dako, zuwa Hajiyar nan mai sayar da abinci. Ba masana'antu kaɗai ke da laifi ba kuma. Bakaniken da ke juye baƙin mai a kwata yana da nasa kaso. Mu da muke jiran hadari ya haɗo mu fito da shara mu zuba a lambatu, mu ma muna da namu.

Abin da nake cewa shi ne, ana iya jima ba tare da an kashe rafi ba. Hanyar sananniya ce. A ware ruwan kurom daga sauran ruwan masana'anta. A zuba masa sinadarin da zai sa ƙarfen ya kwanta. A kwashe shi, a narkar, a mayar cikin ganga a sake aiki da shi. Kuɗi ne ma ake cetowa, domin kurom da tsada ake shigo da shi. Sauran ruwan a bi da shi ta tankuna a tace. Dagwalon da ya rage a busar da shi, a kai shi ramin da aka shimfiɗe wa gindi don kada ya tsiyaya cikin rijiyoyin mutane.

A Italiya, inda ake sayen fatarmu, akwai garuruwan majema irin su Arzignano da Santa Croce. A can masana'antu matatar haɗin gwiwa suke tura ruwansu, kowa ya biya gwargwadon abin da ya zubar. A Bangladesh kuwa akwai darasi na daban. Majeman unguwar Hazaribagh a birnin Dhaka sun gurɓata kogin Buriganga, har kotu ta tilasta aka tashe su a 2017, aka mayar da su wani wuri da ake kira Savar. Amma da yake matatar sabon wurin ba ta yi aiki yadda ya kamata ba, sai kogin da ke can shi ma ya fara lalacewa. Ashe ba tashin masana'anta ne magani ba. Matata mai aiki ita ce magani. Mai aiki kullum, ba sai ranar da baƙi za su zo dubawa ba.

Mu ma ba doka muka rasa ba. An kafa hukumar NESREA a 2007 don ta tsare dokokin muhalli. A 2009 aka fitar da ƙa'idoji musamman a kan masana'antun saƙa da na fata. Jihar Kano na da Ma'aikatar Muhalli. Maganar matatar haɗin gwiwa a Sharaɗa da Chalawa da Bompai kuwa, an daɗe ana yin ta. Mutumin Sabuwar Gandu da na Panshekara, maƙwabtan masana'antun nan, ba takarda yake son gani ba. Launin ruwan da ke wucewa ta bayan gidansa yake kallo. Ranar da launin ya sauya, ba sai an kira taron manema labarai ba, shi zai fara faɗa.

Ina kira ga masu masana'antu, ranku ya daɗe. Na san matata na cin wuta, na san dizal ya yi tsada. Na san akwai jarabawa a daren da ake ruwa kamar da bakin ƙwarya, lokacin da ba mai ganin abin da ya fita ta bututu. Amma wanda ke ƙasan rafi maƙwabcinku ne, ko da ba ku taɓa haɗa ido ba. Hakkin maƙwabci kuwa kun san nauyinsa. Ku ba ma'aikatanku takalmin roba mai tsawo da safar hannu. Kada ku tura yaro ya shiga ramin dagwalo ya yashe shi haka nan. Iskar da ke taruwa a irin wannan rami tana kayar da ƙato cikin numfashi kaɗan, kuma sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ma ba ya fitowa. Wannan ya faru a masana'antun jima a ƙasashe da dama.

Malamanmu, ku ma akwai naku. Babin ruwa shi ne farkon abin da kuke koya mana. In an zo wajen launi da ɗanɗano da wari, a kawo misali da Salanta da Getsi. Ɗalibi zai fi ganewa, kuma zai fita da sanin cewa gurɓata ruwan jama'a ba ƙaramin abu ba ne a shari'a.

Sai mu, mazauna unguwa. Akwai wani abu da muke yi da kyakkyawar niyya, amma muna barin sa rabi. Matasa su fito ranar Asabar aikin gayya, da shebur da baro, su yashe lambatu. Madalla da su. Amma sai a tara abin da aka yaso a bakin titi a tafi. Yara su zo su hau kai. Akuya ta zo ta tona. Ruwan dare ya zo ya mayar da shi inda aka ɗebo shi. Kafin a sa shebur, a fara shirya motar da za ta kwashe. A yi magana da mai unguwa, a yi magana da kansila, a nemi hukumar kwashe shara ta REMASAB, a tunkari masana'antar da ke layin ta ba da tifa. Masu yashewar kuma su sa takalmin roba. Wanda ke da ciwo a ƙafa kada ya shiga.

Manomi kuma, in an kawo maka baƙar ƙasa daga wajen masana'anta aka ce taki ce, ka tambayi asalinta. Takin shanu ka san shi, takin bola ka san shi. Wannan tana iya sa ganye ya yi kore bana, ta bar maka ƙarfe a gonar da za ka bar wa 'ya'yanka. Haka mai gini. Kada a cike fili ko tsakar gida da ita don an same ta kyauta.

Jama'a masu sauraro, lokaci ya ƙure mana. Ga abin da nake roƙonku. In kun fito bayan ruwa, ku dubi ƙasa kafin ku taka. In kun ga baƙi ko shuɗi, ko kumfa, ko kuka ji warin nan, ku kewaye, ku ɗauki ƙananan yara a kafaɗa. In ya taɓa jiki, a wanke da sabulu da ruwa mai kyau nan take, kada a bari sai an dawo gida da yamma. Ƙaiƙayi ko gyambon da ya ƙi warkewa, a kai shi asibiti, a kuma gaya wa likita inda ake aiki da hanyar da ake bi. Ganyen da za a ci ɗanye a wanke shi sosai, ko da yake wanki ba ya fitar da abin da saiwa ta riga ta sha, shi ya sa gyaran na can sama ne, a bakin bututu. In za ku kai kuka wurin hukuma, ku tafi a ƙungiyance tare da mai unguwa, ku faɗi layin, ku faɗi ranar, ku faɗi launin da kuka gani. Kada ku rubuta cewa taɓo ya dame ku, domin za a ce ku jira rani. Ku rubuta dagwalon masana'anta.

Ga ma'aikatan da ke shirin shiga aikin dare a Sharaɗa da Chalawa da Bompai, Allah Ya tsare ku, Ya sa albarka a guminku. Ga masu lambun Jakara da Getsi, da masuntan Wasai, da mutanen Tamburawa, muna gaishe ku. Allah Ya ba mu damina mai albarka.